Shaidar Mai Tabo

A cikin durowar mahaifiyarmu, a gidanmu da ke Makera, an daɗe ana ajiye da wata 'yar roba mai farin murfi wadda babu rubutu ko na harafi ɗaya a jikinta. Ragowar man da ke ciki ya daskare, gefensa ya koma ruwan ƙasa, ƙamshin lemon da aka zuba masa kuwa ya daɗe da gudu. Sau uku Inna tana ɗaukar robar nan za ta kai bola, sau uku ina roƙonta ta bari. Ƙanwata ce ta saye ta, wata huɗu kafin bikinta, a hannun wata maƙwabciyarmu da ke haɗa man gyaran fata a tsakar gidanta. Robar ce ta jefa gidanmu cikin gardamar da har yau ba a rufe ta ba, ita ce kuma ta ɗora mini tambayar da nake so in bi diddiginta a nan: wanda kayan kwalliya suka yi wa lahani, wajibi ne a kansa ya faɗa, ko kuwa tunda jikin nasa ne, shirun ma nasa ne?

Ƙanwata baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi da ta gado daga kakarmu ta wajen uba. Tun tana rarrafe nake kiranta Duna, ina dariya, 'yan gida suna taya ni, ban taɓa tsayawa na duba ko ita ma tana dariyar ba. Da aka sa ranar aurenta, ƙawaye suka ce mata amarya ba ta shiga ɗaki da fatar da ta yi yawon makaranta da ita. Mako uku da fara shafa man ta yi haske irin wanda ke sa a wuce a waiwayo. Aka yi biki, hotuna suka yi kyau, dangin ango suka yaba, ni ma na sa baki na ce yau Duna ta yi ritaya. Bayan wata bakwai sai jijiyoyi kore-kore suka bayyana a damtsenta, nankarwa mai faɗin yatsa ta tsattsaga mata cinya da hammata alhali ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, gaɓoɓin yatsunta suka yi baƙi ƙirin, kumatunta kuma in rana ta taɓa su sai su yi ja su ɗauki zafi. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne duk sa'ad da ta ce ta daina, kwana uku ba sa cika sai fuskar ta feso da ƙuraje tana ƙuna, dole ta koma. Mai haɗawa ta ce alamar man yana aiki ke nan, a ƙara wata robar.

Mijinta ya yi tafiya, don haka ni na raka ta wani asibiti a nan kudancin gari. Likitar ba ta daɗe tana dubawa ba ta ce akwai sitiroyid mai ƙarfi a cikin man, irin su kulobetasol, wanda asalinsa magani ne da ake ba mai ciwon fata ya shafa na ɗan lokaci kaɗan ƙarƙashin kulawa. Yana tsuke ƙananan hanyoyin jini, yana rage aikin ƙwayoyin da ke ba fata launi, shi ya sa haske ke zuwa da wuri. In aka zarce da shi sai ya sirantar da fatar har ta riƙa tsagewa daga ciki, ya buɗe ƙofa ga makero da sauran cututtuka, wani lokaci ya ratsa cikin jini ya jawo hawan jini ko ciwon sukari. Ta gargaɗe ta kada ta yanke shi rana ɗaya, sai a hankali, da jagorar asibiti. Da muka je karɓar magani, mai harhaɗa magunguna ta ɗauko wata takarda ruwan ɗorawa ta hukumar NAFDAC, ta ce da ita ake kai rahoton illar magani ko kayan shafa, ta nemi izini ta cike. Ƙanwata ta janyo mayafi ta rufe hannunta, ta dube ni ta ce, “Yaya, so kake a rubuta ni a takardar gwamnati, a ce ga wadda ta yi bilicin ta ƙone? Gara in mutu da abina.” Da muka koma gida Inna ta goyi bayanta da kalma ɗaya: muna roƙon Allah ya rufa asiri, ku kuma kuna neman mai tonawa.

Na daɗe ina ganin wannan amsa tamkar taurin kai ce. Daga baya na gane tana da ƙafafu uku, kuma kowacce tana da nauyinta.

Ta farko ita ce kunya. A wurin Bahaushe kunya ba rauni ba ce, ado ce, kuma babu addu'ar da ta fi yawo a bakinmu kamar ta rufin asiri. Jikin mace kuwa shi ne ƙarshen sirri. Wanda ya ce wa matar aure ta kwance hannun riga ta nuna wa baƙo abin da ke ƙarƙashin hammatarta, a rubuta a ajiye, ya nemi abu mai girma. Ba tsoron banza take yi ba kuma. Daga Kakuri har Sabon Tasha, a bakin Musulmi da Kirista, ba'ar iri ɗaya ce: fuska Fanta, ƙafa Coke. Kogin da ya raba garin nan gida biyu tun rikice-rikicen 2000 da 2002 bai raba mu a kan wannan dariyar ba.

Ta biyu ita ce maƙwabciya. Wanda bai zauna a wannan yanki ba ba zai san abin da rufe masaƙu ya yi wa gidaje ba. Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a Kakuri a 1957, ta tsaya a 2002. United Nigerian Textiles ta rufe ƙofa a 2007. Tsakanin nan sauran ma suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Dubban magidanta da jiniyar masaƙa ke tashe su da asuba suka wayi gari a ƙofar gida, mata suka ɗauki tukunya a ka. Mijin maƙwabciyarmu yana cikinsu. Da wannan man ta biya kuɗin makarantar 'ya'ya huɗu. Ita ta yi wa Inna jinya sa'ad da aka yi mata aikin ido. Kuma ba ta san tana sayar da cuta ba, domin abin da take ɗura wa 'ya'yan mutane shi take shafawa a jikinta. A ganin Inna, kai rahoto daidai yake da kife wa marainiya tukunya.

Ta uku ita ce wadda ƙanwata ba ta furta ba amma tana cinta a rai: wa ya aike ta? Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wadda aka ba ta gurɓataccen magani a asibiti tana da bakin kuka. Wadda ta ɗauki kuɗinta da ƙafarta ta je ta sayi haske, tana jin kamar ta sayar da haƙƙin yin ƙorafi tare da kuɗin.

Duk da haka na tsaya a kan cewa faɗar ta fi shirun, kuma dalilina ya faro ne daga wata tambaya mai sauƙi: ta yaya ɗan Adam ke sanin abu yana cutarwa? Muna ɗauka masana ne ke ganowa a ɗakin gwaji su sanar da mu. Tarihi ya nuna sau da yawa hanyar a juye take. A 1957 aka fara sayar da maganin talidomaid a Jamus ta Yamma, ana ba masu ciki don laulayi da rashin barci. Jarirai fiye da 10,000 aka haifa da naƙasar hannu da ƙafa a ƙasashe daban-daban, kowace uwa tana zaton ƙaddararta ce ita kaɗai, sai da likitoci biyu, Widukind Lenz a Jamus da William McBride a Ostareliya, suka haɗa labarin wannan da na waccan suka yi magana a 1961, sannan aka janye shi. Daga wannan masifa aka haifi tsarin tattara rahoton illar magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 1968, wanda cibiyarsa take Uppsala a ƙasar Suwidin, Nijeriya kuma ta shige shi a 2004. Takardar ruwan ɗorawar da ƙanwata ta ƙi, jikanyar waɗannan jarirai ce.

A fagen kwalliya ma haka abin ya kasance. Haidurokwinon, sinadarin da ke toshe aikin da fata ke yi na samar da launinta, an yi shekaru ana shafa shi a Afirka ta Kudu kafin likitan fata G. H. Findlay da abokan aikinsa su bayyana a 1975 cewa dogon amfani da shi yana haifar da wani baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi, wanda da wuya ya goge. A fuskokin matan da suka yarda aka duba su aka karanta wannan ilimi, kuma da shi ƙasar ta hana sa sinadarin a kayan kwalliya a 1990. Akwai misalin da ya fi kusa da idonmu. A 2011, a birnin Boston na Amurka, gwajin jini ya nuna dalma mai yawa a jikin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya. Aka bi sawu har aka kai ga kwallin da ake sa masa a ido, aka auna aka samu fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa labarin a 2012, har da sunayen da muke kiransa da su, tozali da kwalli. Jariri ɗaya ne, a wata uwa duniya, amma da yake an rubuta, ya zama gargaɗi ga duk uwar da ke ranbaɗa wa jinjirinta kwalli ranar suna. Mu da muke da jarirai dubbai masu kwalli a ido, me muka rubuta?

Ba mu manta da 2008 ba, shekarar da maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da wani sinadari mai guba irin na man birki, ya kashe yara aƙalla 84 ta hanyar lalata musu ƙoda. Asibitin koyarwa na Zariya yana cikin wuraren da aka ga yaran suna zuwa ba sa fitsari, aka ɗaga murya. Da kowane gida ya binne ɗansa ya ce kwana ne ya ƙare, da kwalaben sun ci gaba da yawo a kemis.

To, ina matsayin robar ƙanwata a cikin wannan? Doka tana nan. Ƙa'idojin NAFDAC na 2019 sun hana sa zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya, sun kuma hana haidurokwinon da ya haura kashi 2 cikin 100. A watan Fabrairun 2023, a Kano, hukumar ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye ta kira bilicin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya. Sai dai doka tana kama abin da ke da suna, da lambar rajista, da adireshin kamfani. Jami'in da ya shiga Kasuwar Monde ta Kakuri zai iya ɗaukar kwali ya karanta ya kwashe. Man da aka matse daga bututu biyar, aka zuba a kwano, aka juya da cokali a bayan ƙyaure, aka ɗura a robar da ba ta da rubutu, babu jami'in da zai san da zamansa. Hatta alƙaluman da ake ta maimaitawa, cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna shafa man ƙara haske, waɗanda suka bazu bayan wata takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011, asalinsu wani bincike ne da aka yi tsakanin 'yan kasuwa a Legas. Da shi ake auna ƙasa guda, saboda sauran mun yi shiru. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan duk lokacin da na buɗe durowar Inna: robar ba ta da rubutu, rubutunta yana jikin ƙanwata. Sunan abin da ke ciki, da ƙarfinsa, da gargaɗin da ya kamata a buga a murfi, duk suna kan damtsenta. In ta rufe hannun riga har abada, ta rufe takardar gargaɗi guda ɗaya tak da wannan man yake da ita.

Shi ya sa maganar “jikina ne” ba ta gamsar da ni. Gaskiya ce, jikin nata ne, tabon ma nata ne, babu mai ikon tilasta mata ta nuna. Amma sanin da tabon ya zo da shi yana da wasu masu haƙƙi a ciki, wato duk wadda za ta miƙa kuɗi gobe ta karɓi roba daga kwano ɗaya. Muna yara mukan tsaya a bakin magudanar da ta ratsa Makera mu yi cacar launin da ruwan zai zo da shi, yau shuɗi, gobe ja, gwargwadon rinin da masaƙu suka yi. Mu wasa muke yi. Ba mu taɓa tunanin masu lambu da ke can ƙasa, inda magudanar ke faɗawa Kogin Kaduna, suna ɗiban ruwan nan suna ba alayyafo ba. Wanda ke sama ya ga launin ruwa, wanda ke ƙasa shi ke sha. Wani lokaci ma abin ya wuce misali. Zaibar da ake samu a wasu mayuka da sabulan ƙara haske, wadda 'yan boko ke kira makyuri, tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, tana bin ruwan nono, tana maƙalewa a tawul da zanin gado ta shafi wanda bai taɓa buɗe robar ba. Saboda irin wannan ne yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda aka raɗa wa sunan garin Japan da zaiba ta naƙasa mutanensa, ta sa wa kayan kwalliya iyaka, daga baya kuma a 2023 ƙasashe suka amince a hana zaiba a cikinsu gaba ɗaya. Fata tana kama da katanga, amma katangar zana ce.

Saura batun kunya da na maƙwabciya. Ina ganin mun haɗa abubuwa biyu a suna ɗaya. Akwai kunyar da ke hana mutum aikata abin da zai cuci wani, akwai kuma tsoron bakin mutane, wanda ke hana shi faɗar abin da zai ceci wani. Ta farkon ce iyaye suka yaba. Na biyun ya ari rigarta ne kawai. Malamanmu ma ba su bar wannan a duhu ba: Imam Nawawi, a cikin Riyadus Salihin, ya lissafa wurare shida da ambaton aibi ba ya zama giba, kuma gargaɗin mutane daga abin da zai cuce su yana ciki. Maƙwabtanmu na coci suna da irin wannan koyarwa a kan mai tsaron da ya hango haɗari ya ƙi busa ƙaho. Sannan akwai bambanci tsakanin ƙara da shaida. Mai ƙara yana neman a hukunta wani. Mai shaida yana faɗin abin da ya gani ne, ko da shi ya jawo wa kansa. Wanda ya faɗa rijiya saboda ganganci ya fi kowa sanin inda bakinta yake, kuma gangancinsa bai rage gaskiyar maganarsa ba. Takardar ruwan ɗorawa ba ta tambayar wa ya aike ki. Tana tambayar me aka shafa, tun yaushe, me ya biyo baya. Harufan farko na suna ma sun wadatar. Inna ta ce, in kuma ba man ba ne fa, ba mu yi wa baiwar Allah ƙazafi ba? Tsarin bai nemi tabbaci daga mai kawo rahoto ba, zato mai dalili ya isa. Rahoto ɗaya ba ya yanke hukunci. Sai sun taru, daga Barnawa, daga Narayi, daga Zariya, an ga suna nuna wuri guda, sannan a ɗauki abin a kai ɗakin gwaji.

Na kai nan a tunanina ina jin na yi nasara, har na shirya in je in zazzage wa ƙanwata waɗannan hujjoji. Abin da ya tsayar da ni shi ne sunan da na raɗa mata. Wane ne ni da zan ɗora mata wajibi? Shekara ashirin ina kiranta Duna. Abokaina, waɗanda a majalisa suke cewa fara ko mayya ce, su ne kuma ke nuna ƙafar mai bilicin suna ƙyaƙyatawa. Mun yi kirari ga farar mace mun kira ta alkyabbar mata, mun cika finafinai da allunan talla da fuska iri ɗaya, wayoyinmu ma in za su ɗauki hoto sai sun wanke mutum, sannan muka juya muna mamakin yarinyar da ta ji abin da muka faɗa ta yi aiki da shi. Mu muka tura ta kasuwar, mu muka tsare ƙofar dawowa da dariya. In faɗar gaskiya tana da tsada a wurinta, mu muka sa kuɗin. Ba daidai ba ne a ce wa mutum ya yi jarumta alhali mai faɗar shi ne dodon da ake tsoro.

Don haka na sauya ra'ayi a kan inda nauyin ya fi yawa, ko da yake ban sauke mata nata ba. Wajibin faɗa yana ƙaruwa gwargwadon sauƙinsa ga mai faɗar. Likitan da ya ga irin wannan fata sau biyar a mako ya rubuta magani ya sallama bai cike komai ba, shirunsa ya fi na ƙanwata nauyi, domin shi babu mai yi masa dariya. Haka mai kemis da ke sayar da bututun maganin fata dozin-dozin ga wadda ya san ba ƙaiƙayi ke damunta ba. Haka mai ƙunshin da ta ga hannun amarya ya kumbura ya yi ruwa bayan ta zana mata baƙin dayis, ta ce jininta ne ba ya so, ta zana wa ta gaba. Hukuma ma tana da nata kason. Tun 2020 akwai manhajar Med Safety da mutum zai kai rahoto ta waya, abu ne mai kyau. Amma takardar da aka miƙo mana da Turanci take, kuma matar da ke Kudenda wadda ba ta yi boko ba, wayarta kuma ƙarama ce, ba ta da ƙofar shiga sai wani ya riƙe mata hannu. Wanda ya nemi mutane su yi magana, sai ya saurare su da harshen da suke kuka da shi.

Kada a ɗauka ina yaƙi da kwalliya ne. Kakarmu mai baƙin nan ta mutu tana da lalle a ƙafa, fatarta kuwa man kaɗanya da sabulun salo kaɗai ta sani. Ado halal ne, kuma yawancin abin da ke kan teburin mace ba ya cutar da kowa. Abin da na koya a wannan shekara ƙanana ne: a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, sabon mai ko rini a fara gwada ɗan kaɗan a bayan kunne ko cikin damtse a jira kwana biyu, duk man da ya yi alkawarin haske cikin mako guda a san akwai abin da ya ɓoye, fatar jariri a bar ta yadda ta zo, in abu ya yi illa kada a jefar da mazubinsa. Wannan na ƙarshen shi ya sa na yi ta roƙon Inna.

Ban taɓa zazzage mata hujjojin ba. Abin da na yi shi ne na je gidanta wata Juma'a na ce ta yafe mini sunan nan. Ta yi dariya ta ce, “Yaya, sai yanzu?” Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma matsa ba.

Ana saura mako biyu Sallah ƙarama, 'yar Kawu mai shekara goma sha shida ta zo gidanmu kitso. Ta buɗe jaka za ta ɗauko mataji sai ga roba mai farin murfi. Ƙanwata tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta dubi robar, ta dubi yarinyar, ta ajiye faranti, ta ja ta zuwa ɗaki ta saki labule. Ban ga abin da ta nuna mata ba. Yarinyar ta fito idonta ya yi ja, ta bar robar a kan taga.

Washegari ƙanwata ta yi abin da ban yi tunaninsa ba a duk lissafina: ta fara zuwa wurin maƙwabciyar. Ta ce ba za ta kai magana waje ba sai mai abin ta ji daga bakinta. Sun daɗe a ɗaki. Matar ta yi kuka, ta ɗage zani ta nuna nata cinyoyin, waɗanda suka fi na ƙanwata lalacewa, ta kuma ɗauko kwalayen bututun da take matsewa ta ba ta. Ta yi alkawarin daina sa su. Ko ta daina gaba ɗaya, ni dai har yanzu ina ganin 'yan mata suna shiga gidan da yamma.

Ranar Litinin muka koma asibitin. Inna ba ta hana ba, ba ta kuma yi mana fatan alheri ba. Har yau tana cewa an yi abin da ba a yi a unguwa. Ƙanwata ta ba da harufan farko na sunanta, da shekarunta, da watan da ta fara shafawa. Ta ƙi faɗin sunan maƙwabciyar, ta ce kwalayen sun isa su nuna hanya, kuma har yanzu ina juya wannan a raina, ko adalci ne ga matar, ko rashin adalci ne ga 'yan matan yamma. Da aka zo gurbin sunan abin da ake zargi, mai harhaɗa magungunan ta tsaya da biro a hannu, sannan ta rubuta cewa man haɗi ne, ba shi da suna. Gurbin kamfani da na lambar rajista ta ja musu layi. Ta karɓi tsohuwar robar daga hannuna, ta juya ta tana neman inda za ta yi alama, ta ɗauko maka ta rubuta kwanan wata a kan farin murfin, ta saka ta a leda tare da kwalayen ta ɗaure bakin.